Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta 'yan ninƙaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shugaba ya ce in rubuto rahoton nan in saka a guruf tunda ranar babban taro waɗanda suka zo ba su cika ko benci biyu ba, to ga shi, wanda ya ga dama ya karanta har ƙarshe.

Taron wata-wata mun yi, ban da na cikin azumi.

Bari in fara da maganar igiyoyin layi, waɗanda ake ja a kan ruwa don raba wa kowa hanyarsa, tunda ita ake ta jifana da ita a gefe. Ba a saya ba, kuma ba ma'aji ne ya cinye kuɗin ba kamar yadda wasu ke raɗe-raɗi. Kuɗin wata-wata ko rabin membobi ba su biya ba, wanda ya shigo kuma ya tafi a kuɗin shiga ful da kulorin da man janareta na injin tace ruwa, don masu wurin sun ce in muna son ruwa mai kyau da asuba sai mun kama musu, kuma kun san halin wuta. Littafin yana hannun ma'aji da rasit ɗin komai, mai shakka ya je ya duba. Agogon da za a kafa a bango shi ma haka, har yanzu da waya koci yake kama lokaci. Ajin mata na ranar Asabar kuwa ba kuɗi kaɗai ba ne, iyaye sun ce sai da mace mai koyarwa kuma gaskiyarsu ne, wadda muka samu a Barnawa take, kuɗin motarta ma mun kasa ɗauka, sai aka dakata. Faɗakarwar da muka ce za mu kai wa yaran da ke wanka a kogin Kaduna da damina, waɗanda suka ɗaga hannu suka ce za su je ko waya ba su ɗauka ba da lokacin ya zo.

Da hunturu atisaye ya ja baya, ruwan ba ya shiguwa da safe, sai koci ya mai da yaran tudu: gudu, tsallen igiya, da jan roba saboda kafaɗa. A azumi ma haka aka yi, kaɗan-kaɗan bayan la'asar.

To abin da ya faranta mana rai a bana shi ne gasar cikin gida da muka yi bayan babbar sallah, kuma wallahi wanda bai zo ba ya yi asara. Iyaye daga Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi har da Rigasa sun cika gefen ruwa, wata Hajiya ta kawo kunun aya a kula kyauta, Allah ya saka mata. Amma abin da nake so ku gane shi ne yaran nan ba ƙarfi suka ƙara ba, gyara aka yi musu. Tun farkon shekara koci ya ce shi ba zai ƙara musu yawan zagaye ba sai sun iya barin bango, wasu iyaye har suna ƙorafi wai yaro ya zo iyo an sa shi yana ta tura bango kawai. Ga yadda ake barin bangon: hannu a kan hannu, kai a matse tsakanin damatsa, jiki a miƙe kamar tsinke, sannan bugun ƙafa biyu a haɗe a ƙarƙashin ruwa. Doka ta yarda da hakan har mita 15 a firistayil (tseren da kowa ke yin salon iyon da ya ga dama) da iyon rigingine da batafulai (iyon da ake wurga hannu biyu gaba tare ta saman ruwa), kafin nan dole kai ya fito, kuma a nan ne mutum ya fi gudu a duk tseren. Ful ɗinmu mita 25 ne ba 50 irin na gasar Olamfik ba, ke nan a tseren mita 100 juyi uku ne, wanda ya iya juyi ya ci riba sau uku.

Mun gani da idonmu a mita 100 na 'yan ƙasa da shekara sha biyar. Ƙaramin cikinsu, wanda bara yake ɗaga kai gaba ɗaya in zai shaƙi iska har ƙugunsa ya nutse, shi ya zo na ɗaya. Yanzu yana fitar da numfashi tun fuskarsa na cikin ruwa, ya ɗan juya kai gefe, ido ɗaya na gilashin iyonsa bai ma fita daga ruwa ba ya shaƙa ya koma. Manyan suna gabansa a tsakiya, amma duk isowa bango sai ya dunƙule ya wuntsila ya tura, ya ɓullo a gabansu. Babansa har hularsa ta faɗa ruwa wajen ihu, sai da aka tsamo masa da sanda.

Akwai kuma inda muka ga sauran aiki. An fitar da yara biyu a iyon kwaɗo saboda sun taɓa bango da hannu ɗaya, iyayensu sun ji haushi amma dokar hukumar ninƙaya ta duniya ce, wato World Aquatics, wadda da ake kira FINA kafin ta canza suna a ƙarshen 2022: iyon kwaɗo da batafulai hannu biyu a lokaci guda, a juyi da ƙarshe. Gara a fitar da su a gida da a je wata jiha a ji kunya. Wani kuma ya motsa kafin usur ɗin fara tsere, shi ma waje, don yanzu ba a yafe ko na farko. A rigingine har yanzu suna waiwayen bango, alhali tutocin nan da ake ratayawa a saman ruwa mita 5 suke daga bango don mutum ya ƙirga jan hannunsa ya juya ba sai ya duba ba, namu tutocin ma leda muka yanka muka ɗaura a igiyar shanya.

Koci ya ce in isar wa iyaye abu uku. Yaro ya zo da gorar ruwa, don ana zufa a cikin ruwa ko da ba a gani. Bugun ƙafa daga ƙugu yake tashi ba daga gwiwa ba, masu koya musu a gida a kan tabarma su lura. Sannan sati ɗaya zuwa biyu kafin gasa rage nauyin atisaye ake yi jiki ya huta, dan Allah a daina kai yaro wani wuri a ɓoye ana ƙara masa.

Sai ku manyan membobi da ba a ganinku sai ranar hoto. Mutum huɗu ne ke buɗe ƙofa, su tsaya gadin yara a bakin ruwa, su kwashe kaya, kuma su ne dai ake zagi. Ba ma cewa kowa ya iya koyarwa, amma riƙe waya a kama lokaci ai bai gagari kowa ba. Ni kam na gaji da bin mutane gida-gida, daga wata mai kamawa wanda ake bi bashin wata uku sunansa zai fito a guruf, kwamiti ne ya yanke ba ni ba. A tura wa ma'aji kai tsaye a turo min shaidar biya. Taro na gaba Lahadin farkon wata bayan la'asar, inda muka saba, kuma za a yi zaɓen sabon sakatare.

Naku,
Sakataren ƙungiya