Zuwa ga ɗana, kafin ka kama hanyar Iseyin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Zariya. Mu nan gida ƙalau muke. Mahaifiyarka ta nuna mini takardar kiran da ka turo mata a waya, na ga bautar ƙasa ta kai ka Jihar Oyo, sansanin Iseyin. Alhamdulillahi. Tun ranar take lissafin abin da za ta ɗaura maka, ni kuma na ce bari in rubuta nawa guzurin kafin ka zo sallama, don na san halinka. In na kira ka a waya, "to Baba, to Baba" za ka yi ta yi, kafin ka ajiye ka manta rabi.

Ka san shekarun da na yi ina fataucin goro tsakanin Kano da Shagamu. A duk zirga-zirgar nan, wahalar da hanya ta ba ni da kanta kaɗan ce. Yawancinta daga gida na ɗauko abata: na tashi a makare, na yi kaya fiye da ƙarfina, ko na bi arha. Ma'aiki (SAW) ya ce tafiya yanki ce ta azaba, to wanda ya san haka ba ya ƙara wa kansa wani yankin da hannunsa.

Na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne zancen motar dare. Na ji abokanka suna cewa a shiga doguwar bas a Sabon Gari da yamma, gari na wayewa ana ƙasar Yarabawa. Ban yarda ba. Ita kanta hukumar bautar ƙasar tana gargaɗin yaranta da su tsaya in yamma ta yi, su kwana, su ci gaba da safe. Ka raba tafiyar gida uku. Ranar farko ka yi sammako daga Kano, ka bi Zariya da Kaduna, ka kwana gidan kawunka a Gwagwalada. In ka fi son jirgin ƙasa daga Kaduna, tashar tana Rigasa, ya sauke ka Kubwa ko Idu; ka sayi tikiti tun kafin ranar, kuma lambar katinka na ɗan ƙasa ta kasance a hannu, don da ita ake saye. Rana ta biyu ita ce doguwar: Abaji, Koton Karfe, ka haye gadar Jamata ka shiga Lokoja, sannan Okene, Owo, Akure, har Ibadan. Nan ma ka kwana. Rana ta uku da hantsi ka nemi motar Iseyin ta hanyar Moniya, ka isa sansani ido na ganin ido, kana da sauran ƙarfin bin layin rajista.

A zamaninmu ta Birnin Gwari muke bi, mu faɗa Tegina, Mokwa, mu haye gadar Jebba zuwa Ilorin. Ta fi kusa, amma ka san abin da ya sami hanyar Birnin Gwari, ba sai na faɗa maka ba. Ita ma ta Lokoja kada ka ɗauke ta a haddace. A 2012 da 2022 ruwa ya shanye titin wajen Koton Karfe da Lokoja, matafiya suka yi kwanaki a hanya. Ana jibi tafiya ka je tasha ka tambayi direbobin da suka dawo jiya. Labarin hanya a bakinsu yake, ya fi wanda ake yawo da shi a WhatsApp.

Mota kuma a cikin tasha ake shiga, inda ake rubuta sunanka da lambar wani naka a takardar fasinjoji. Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. Ina saurayi, na tsaya bakin titi na tari wata mota don kuɗinta ya fi na tasha sauƙi. Muna isa Mokwa da magariba direban ya ce nan ya tsaya, ya juye mu a wata motar ya ce ya biya mana, ya juya abinsa. Ashe bai ba wancan ko sisi ba. Na sake biyan kuɗin mota, na kwana kan benci wajen mai shayi, sauro ya yi bikinsa a kaina. Abin da na yi ƙoƙarin ragewa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na kashe ba. Wancan lokacin ma da sauƙi. Yanzu a Abuja motar bakin titi tana iya zama ta 'yan wan-cans, su kwashe waya da kuɗi su wurgo mutum. Kafin mota ta tashi ka leƙa tayoyinta, ka ɗauki hoton lambarta ka tura wa ƙanwarka. Kada ka yarda a cusa ku biyu a kujerar gaba, ka nemi gefen taga a tsakiya. In direba yana gudun da ya wuce hankali, ka yi magana da ladabi, za ka ga wasu sun goya maka baya, daman jira suke wani ya fara.

Kaya: jaka ɗaya da za ka iya ɗauka da kanka, sai ƙarama ta goyo da ba za ta bar jikinka ba. Na san mahaifiyarka za ta so ta haɗa maka da bokiti da garin kunu da yaji kwalba uku. Ka karɓi yajin, ka bar bokitin, akwai shi a kasuwar sansani. Mako uku ne kawai za ka yi, yawancinsa ma cikin farar riga da farin wando. Gidan sauro da tocila da 'yar buta kuwa kada ka bari.

Takardunka su ne tafiyar gaba ɗaya. Takardar kira, takardar sakamako, katin makaranta, shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, da ƙananan hotuna da yawa. Ka yi fotokwafin kowace, ka sa na asali cikin leda a jakar goyo, kwafin kuma a babbar jaka, sannan ka ɗauki hotonsu a waya. Can ƙasar ruwa ce, jakar da aka ɗaure a saman mota ba ta da tabbas. A shingen jami'an tsaro ma takardar kiran nan tana rage tambaya. In an tsayar da ku, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto, kada ka shiga gardamar da ba taka ba.

Kuɗi ka raba su uku: canji a aljihun gaba na ruwa da ɗan acaɓa, wasu a jakar ƙugu ƙarƙashin riga, sauran a banki. Ku yaran yanzu kun dogara da taransifa, amma ka tuna farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun naira, mutum na da kuɗi a asusu ya rasa na shayi. A daji sabis yana ɗaukewa, kwandasta kuwa ba ya jiran sabis. Katin cirar kuɗi kada ya zauna a bayan waya, in ɗaya ya tafi ɗaya ya rage. Ka cika waya da caji, ka riƙe fawa-banki, kuma ka rubuta lambata da ta kawunka da ta mahaifiyarka a takarda, na tabbata ko ɗaya ba ka haddace ba. Ka ƙara da 112 ta neman agajin gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Ranar tashinka da motar da ka shiga, mu muka isa mu sani, ba mutanen Facebook ba.

Ciki shi ne babban abin kunyar matafiyi. Daren tafiya ka ci abin da ka saba, ka kwanta da wuri. A hanya ka riƙe dabino da kilishi da burodi da ruwan gora. Inda mota ta tsaya cin abinci, ka zaɓi mai zafi da ake kwashewa a gabanka, ka bar miyar da ba ka sani ba sai ka sauka. Barkonon Yarabawa da manjansu suna son a saba da su a hankali. Abin hannun wanda ba ka sani ba, ka yi godiya ka ce ka ƙoshi. Ka sa farasitamol da ƙullin gishiri da sukari na gudawa a jakar goyo.

Salla ba za ta yi maka nauyi ba in ka karɓi sauƙin da aka yi maka. Tafiyarka ta ninka mil 48 sau da yawa, don haka da zarar ka bar gidajen gari, Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu ne, kana kuma iya haɗa Azahar da La'asar inda aka tsaya. Ka yi alwala kafin ka shiga mota, ka yi addu'ar hawa abin hawa. In ka isa Iseyin sai ka koma cikawa, tunda zamanka ya wuce kwana huɗu.

A Ibadan, in ka sauka ka ce a kai ka Sabo. Hausawa suna unguwar nan tun 1916, za ka ji kamar kana Fagge. Na yi magana da ɗan tsohon maigidana na goro, zai ba ka masauki, lambarsa tana wajen mahaifiyarka. Ka tafi masa da ɗan kilishi, kada ka shiga gidan mutane hannu rabbana. Yarabawa kuma mutane ne masu son gaisuwa ƙwarai. Ka riƙe "e kaaro" da safe, "e kaasan" da rana, "e she" in an yi maka alheri, "elo ni" in kana tambayar farashi. Ka russuna wa babba. Kalmomi huɗun nan sun sha rage mini kuɗin mota a Shagamu. In ka rikice da hanya, ka tambayi mai shago ko dattijo a bakin masallaci, ka bar ɗan kamashon da ya riga ya kama jakarka.

Duk inda ka sauka ka kira, ko da minti ɗaya ne, don mahaifiyarka ba za ta runtsa ba sai ta ji muryarka. Ta kuma ce in gaya maka an ba ta labari Iseyin garin masaƙa ne, can ake saƙa aso-oke, saboda haka in an biya ku alawus na farko tana jiran nata, mai ruwan goro. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya kiyaye hanya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.