Wasiƙa daga Haro Banda zuwa Abija

Abokina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya, ya aiki ya haƙuri da zaman baƙunta? Nan Yamai lahiya lau sai zahi, mutum ya ƙetare gadar Kennedy da rana tsaka kamar kansa zai narke. Ka ce a vokal ɗinka wai mi muke koyo a sosiyoloji, ilimin zaman jama'a, in ba surutu ba, to zauna ka sha labari tunda kai ka jawo.

Wannan satin mushe, wato malaminmu, ya tsare mu kan abin da suke kira fonksiyonalisim. Tambayar dai guda ce, mi ya sa mutane ba su cinye juna ba, mi ke riƙe da gari har kowa ya tashi da sahe ya kama harkarsa? Masu wannan ra'ayi amsarsu al'umma kamar jikin mutum take, iyali da lakkol da masallaci da kasuwa da fadar sarki kowa gaɓa ne mai aikin da yake yi ma jikin. Babbansu wani Bafaranshe ne Durkheim, tun 1893 ya ce mutanen ƙauye kamanni ke haɗa su, gona ɗaya addini ɗaya tunani ɗaya, amma na birni buƙatar juna ce ke ɗaure su, kai kana saida taya wani na gyaran portabul ba wanda zai rayu ba ɗan uwansa ko da ba ku san sunan juna ba. In dokokin zama suka saki, mutum bai san mi ya dace mi bai dace ba, shi ne anomi, har ya nuna a 1897 cewa kashe kai na ƙaruwa a irin wannan yanayi.

Inda abin ya shige ni sosai shi ne wasan taubasai. Ashe wani Bature ɗan Ingila, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kai tun 1940, yana cewa inda mutane suka zama dole su zauna tare alhali akwai abin da zai iya haɗa su faɗa, sai al'ada ta ba su lasisin zagin juna ba mai fushi. Wallahi dariya ta kama ni cikin anfi, babban ɗakin karatunmu, don jiya jiya na ga Bagobiri da Bazabarme a fadarmu ta shan shayi suna gardamar wa ke sarkin wani, an kai har ga ƙwace kofin shayi, ƙarshe kowa ya tahi yana dariya. Haka Bafillace da Ba'are. A 2014 UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin gadon duniya, mu kuma da shi muka tashi ba mu taɓa tunanin aiki yake yi ba.

Sai Merton na Amurka ya ƙara wani abu, ya ce kowane abu yana da aikin bayyane da na ɓoye. Nan take na tuna ka. Bida, wato cin rani, da ku Adarawa kuke tahiya (e na sani ni ma Ba'adare ne, amma ni boko ya riƙe), aikinta na bayyane kuɗi ne, a aiko a sayi hatsi a yi aure. Na ɓoye kuwa, baki ya ragu a kan rumbu da rani, saurayi kuma ya fita daga idon tsohonsa kafin su fara sa-in-sa.

To amma nan ne ni da su muka fara rabuwa. In ka ce duk abin da ya daɗe yana da amfani, to ka ba kowane zalunci takarda. Akwai ma biyu daga cikinsu, Davis da Moore, da suka rubuta a 1945 cewa bambancin arziki dole ne don a samu masu ɗaukar manyan ayyuka. Je ka faɗa ma matar ɗan bida wadda ke daka da ɗiban ruwa da rainon yara shekara biyu ba miji, ko yaron da aka hana ma aure don wai kakansa bawa ne ko maƙeri. Gari ya zauna lahiya gaskiya ne, amma a kan wuyan wa? Merton kansa ya yarda abu na iya yi ma wasu amfani ya cuci wasu, mabiyan Karl Marx kuma, masu sukar wannan ra'ayi, suka ce ai shirun da kuke kira zaman lahiya mai ƙarfi ne ya danne marar ƙarfi. Na faɗi haka a aji mushe ya ce in ajiye zahin kaina sai semestir na gaba.

Dewar, wato jarabawa, gare mu ranar litinin kan Parsons, shi ma babba ne cikin 'yan fonksiyonalisim, mutumin nan rubutunsa sai ka karanta layi sau uku, ka sa ni addu'a. In Allah ya yarda da hutu zan leƙa Tawa, zan biya in gaida inna, in akwai saƙo ka turo kafin nan. Ka gaida mutanen ɗakinku duka.

Naka har kullum.