Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Kwamfuta na Makarantarmu

Assalamu alaikum. Aikin da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗora mana ya kammala, har mun damƙa makullai a hannun shugaban makaranta. Dalilin aikin ba ɓoyayye ba ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, alhali wasu yaranmu sai a zauren jarabawa suke fara taɓa linzaminta.

Ɓangaren gini bai ba mu wahala ba. An sauya kwanon da ke yoyo, an sake silin, an sa wa tagogi gilashi saboda ƙurar hunturu.

Wayoyi ne suka sha mana kai. Da ma akwai waya guda da aka ja daga ofishin shugaban makaranta, inda rauta take, wato na'urar da ke raba intanet, zuwa ɗakin, kowa kuma na kukan cewa intanet ɗin sai ta ga dama. Da injiniya ya auna, sai ga tsawonta ya haura mita 100, wanda shi ne iyakar da irin wannan waya ta tagulla ke kai saƙo lafiya. Ga kuma jone biyu da aka naɗe da salatif, ɗaya ɓera ya riga ya yi kalaci da shi. Muka tumɓuke ta. Yanzu sabuwar waya, irin wadda ake kira Cat6, tana tsayawa a laburare, inda aka kafa suwic, wato na'urar da ake jona wayoyin intanet a jikinta, mai sabunta saƙon kafin ya ƙarasa ɗakin.

Injiniyan ya fere waya a gabanmu: silli takwas ne, bibbiyu a murɗe, murɗin nan kuwa shi ke hana lantarkin da ke kusa gurɓata saƙo. Duk da haka ya ƙi yarda ta bi bututu ɗaya da wayar wuta. Mun yi gunagunin kuɗin ƙarin bututu, amma gaskiyarsa ce.

Wasu 'yan kwamiti sun so a wadatu da Wi-Fi. Aka ja, aka ja, waya ta yi rinjaye, domin aji guda idan ya hau lokaci ɗaya, rabon iskar ake yi.

Ranar gwaji komai ya tsaya cak, fitilun suwic na ta ƙifce-ƙifce kamar sun zautu. Ashe wani yaro ne, da kyakkyawar niyya, ya ga waya na lilo ya cusa ta, bakinta biyu suka faɗa suwic ɗaya, saƙo ya yi ta zagaye ba mafita. Shi ya sa yanzu kowace waya ke da lamba a bakinta biyu, akwatin suwic ɗin kuma a kulle yake.

Rauta ce ke raba wa kwamfutoci adireshi da kanta, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita, firinta kaɗai aka ba tsayayye. Kuɗin data na wata-wata ba ya cikin abin da aka ɗora mana, sai babban taro ya duba. Rasidai duk suna wurin ma'aji ga mai son gani.