Zuwa ga ɗana a Belfast, game da mutanen da ke jikin bango

Ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Hotunan da ka turo sun iso. Mahaifiyarka ba ta ga komai a ciki ba sai ramar da ka yi, ni kuwa idona ya tsaya a kan zanen da ke bayanka: mutane rufe da fuska, kowa riƙe da bindiga, an zana su a bangon gida kamar waliyyai. A ƙarƙashi ka rubuta cewa waɗannan su ne suka tsaya wa mutanensu lokacin da babu mai tsaya musu. Kwana uku ina juya maganar nan a raina, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don a waya za ka katse ni.

Ban ce ƙarya aka gaya maka ba. An danne Katolikan Ailan ta Arewa wajen aiki da gidajen gwamnati da yankan mazaɓu. Ranar 30 ga Janairun 1972 sojojin Birtaniya suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Derry, mutum 13 suka mutu nan take, kuma sai a 2010 Firaminista David Cameron ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Duk wanda ya ga haka ya ji zuciyarsa ta tafasa, ban ga laifinsa ba.

Amma bari in ba ka labarin kwana biyu. Daren 4 ga Janairun 1976 'yan bindigar ɓangaren Furotesta suka afka gidaje biyu na Katolika, na Reavey da na O'Dowd, suka harbe mutane a cikin ɗakunansu, shida suka rasa rai. Washegari da yamma wasu 'yan bindigar ɓangaren Katolika suka tare motar ma'aikatan masaƙa a Kingsmill, suka jera su a bakin hanya, suka tambaya wane ne Katolika a cikinsu. Mutum ɗaya ne. Abokan aikinsa sun ɗauka shi aka zo kashewa, har suka yi ƙoƙarin hana shi bayyana kansa. Ashe shi za a sallama. Aka ce ya kama hanya kada ya waiwaya, aka buɗe wa sauran, Furotesta, wuta. Goma suka mutu, ɗaya ya rayu da harsashi 18 a jikinsa.

Ka duba da kyau, ɗana. A bakin hanyar nan su wa suka tsaya wa wani? Leburorin da suka so su rufa wa abokinsu asiri, ko masu bindigar da suka zo da sunan ramuwa? Cikin goman nan ba wanda aka tambaya abin da ya aikata. Cocin da yake zuwa kawai aka tambaya. Haka ma waɗanda aka kashe daren jiyansa. Abin da nake so ka riƙe ke nan: da zarar faɗa ya koma na aƙida, mai bindiga ya daina neman mai laifi, duk wanda ya samu daga wancan ɓangaren ya wadatar.

Kuma kada ka ɗauka bindigar tana tsayawa a kan abokan gaba. Wanda ya yi rainon kura don ta tsare masa garke, ya san inda za ta fara. Jean McConville bazawara ce mai 'ya'ya goma a Belfast ɗin nan da kake zaune. A Disambar 1972 'yan IRA, ƙungiyar masu bindiga ta ɓangaren Katolika mai neman raba Ailan ta Arewa da Birtaniya, suka fitar da ita daga gida a gaban 'ya'yanta bisa zargin tana kai wa soja rahoto, suka kashe ta, suka binne a ɓoye. Sai a 2003 aka tsinci ƙasusuwanta a bakin teku, binciken hukuma kuma bai samu shaidar zargin ba. 'Ya'yan nan an rarraba su gidajen marayu. Ƙungiyoyin ɓangarorin biyu sun mayar da kansu alƙalan unguwanninsu, suna harbin samarinsu a gwiwa da sunan horo, ba kotu ba ɗaukaka ƙara.

Na san amsarka, don na san bakinka. Za ka ce ba don bindiga ba da ba a zauna teburin sulhu ba. Masana ma har yau suna jayayya a kai. Ni dai abin da na gani shi ne, mutum sama da 3,500 sun tafi, fiye da rabinsu farar hula, sannan yarjejeniyar Afrilun 1998 ta ce Ailan ta Arewa za ta ci gaba da zama cikin Birtaniya har sai mafi rinjayen mutanenta sun zaɓi akasin haka. Raba mulki tsakanin ɓangarorin biyu kuwa an riga an gwada shi tun yarjejeniyar Sunningdale ta 1973, masu tsattsauran ra'ayi suka rusa. Bayan sulhun da wata huɗu, wasu da suka ƙi ajiye makami suka tada bam a Omagh, mutum 29 suka mutu, har da mace mai cikin tagwaye. Fursunonin ƙungiyoyin an sake su cikin shekara biyu. Ban ce kuskure ne ba, zaman lafiya yana da tsada, amma ka tuna akwai uwar da take haɗuwa da wanda ya kashe ɗanta a kan titi, ta wuce ya wuce.

Ban hana ka zama da abokanka na kowane ɓangare ba, ka saurare su, baƙo ba ya raba gardamar da ta girme shi. Abu guda nake roƙo. Ranar da ba ka da aji, ka je titin Cupar Way ka ga katangar da ta raba Falls, unguwar Katolika, da Shankill, unguwar Furotesta. Tun 1969 aka fara kafa irinta da niyyar na ɗan lokaci ne, ga shi har yau ana rufe wasu ƙofofin da dare. Ka nemi wani dattijo ta kowane gefe, ka gaishe shi da ladabi, in ya sake da kai ka tambaye shi wa ya rasa. In ka yi haka ka rubuto mini abin da suka ce.

Mahaifiyarka ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mana kai.

Mahaifinka