Game da tagarka da take daskarewa a Windows

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya aiki, ya iyali? Da fatan kowa lafiya. Kwana biyu shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai ga saƙonka da kod ɗin manhajarka har fayil uku, kana cewa tagarta tana daskarewa a Windows, wato dai sai da matsala ta kama ka sannan ka tuna da ni. To ba komai, na karanta.

Kod ɗinka ba shi da wani mugun laifi, inda ka samu matsala shi ne ka rubuta shi kamar kai ke da tagar. Haya kake yi malam, mai gida shi ne Windows ko macOS ko Linux, shi yake karɓar danna maus da kibod ya zuba maka a layi, kai naka kawai ka riƙa lekawa kana ɗauka kana amsawa da wuri. Shi ya sa in ka tsaya karanta wani ƙaton fayil a cikin lup ɗin, wato zagayen kod da ke ta maimaituwa yana ɗaukar saƙonni, har sakan 5 ba ka ɗauki saƙo ba, Windows zai dusashe tagar ya rubuta Not Responding a sama alhali manhajar tana raye tana aikinta.

Daskarewar da ka ce kana gani in mutum ya kama saman taga yana ja, wannan kam tsohon hali ne na Windows, ba laifin GLFW ba ne, wato laburaren kod da kake buɗe taga da karɓar saƙonni da shi. Da zarar an kama saman tagar ko gefenta, Windows yana shiga wani lup nasa na kansa a cikin DefWindowProc, kod ɗinsa mai amsa saƙonnin da manhaja ta bar masa, ya turo saƙon WM_ENTERSIZEMOVE, kuma ba zai sakar maka ragama ba sai mutum ya ɗaga yatsa daga maus, to kai kuma kana can ka kira glfwPollEvents mai ɗauko maka saƙonni kana jiran ta dawo ka zana hoto na gaba, ita kuwa ba za ta dawo ba sai an gama, ko minti ɗaya mutumin ya yi yana riƙe. A Linux ba ka gani ba saboda can manajan tagogi ne yake jan tagar daga waje, kai dai labari ake turo maka. Mafita mafi sauƙi ka fitar da zanen zuwa aiki (function) guda mai zaman kansa, ka ba glfwSetWindowRefreshCallback shi, sai a riƙa kiransa ko ana tsakiyar canza girma. In SDL ne, wani laburare irin GLFW, akwai SDL_AddEventWatch, kuma SDL3 da ya fito a Janairun 2025 ya zo da tsarin da kai ba ka rubuta lup ma sam, ka rubuta SDL_AppIterate da SDL_AppEvent shi ya riƙa kiranka. Ni wannan ya fi kwanta min a rai wallahi, don haka waya da burauza suke so dama. Wasu kuma suna kai zanen wani zare (thread) daban, wato layin aiki na biyu da ke gudana tare da na farko, yana aiki, amma ka bar ɗaukar saƙonni a babban zare, macOS ba ya wasa da wannan, ka taɓa taga daga wani zaren manhajar ta mutu nan take.

Sannan ka sa wa lokacin da ke tsakanin hoto da hoto iyaka. In an riƙe taga sakan 3 aka saki, lissafinka zai ɗauka sakan 3 ne taku ɗaya, a gem har sai ka ga abu ya ratsa bango ya wuce.

Na ga kuma da an danna X kana kiran exit kai tsaye. Haba dai. Ai wannan maɓallin roƙo ne aka turo, WM_CLOSE a Windows, WM_DELETE_WINDOW a X11, tsohon tsarin tagogi na Linux, kai ne za ka duba ko akwai aikin da ba a adana ba ka tambayi mutum tukuna. Masu Mac kuma sun saba rufe taga daban, fita daga manhaja da Cmd+Q daban, don haka ka raba su biyu tun yanzu kafin ka ƙara taga ta biyu. Kashe kwamfuta ma da nasa saƙon, WM_QUERYENDSESSION, kuma ba a ba ka lokaci mai yawa. A Android ya fi muni, in an tura ka baya tsarin yana iya kashe ka ba sallama in yana neman wuri, to lokacin da aka ce maka za ka koma baya lokacin ne za ka adana komai, kar ka jira saƙon rufewa don wataƙila ba zai zo ba.

Batun girma, lamba biyu ce ba ɗaya ba. Akwai girman taga, akwai yawan fiksel na ainihi, a allon Retina na Apple taga mai faɗin 800 tana da fiksel 1600, in ka ba glViewport, mai faɗar filin da za a yi zane a kai, lambar farko sai hotonka ya maƙale a kusurwar ƙasa ta hagu ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na tagar. glfwGetFramebufferSize za ka tambaya. Kuma lambar tana iya canzawa ana tsakiyar aiki in an ja tagar zuwa wani allon. In an sauke taga ƙasa a Windows kuwa girman yana zuwa 0 da 0, kai kuma a layin da kake raba faɗi da tsawo ba ka duba sifili ba, gyara wannan yau ɗin nan.

Wancan kod ɗin da yake tuna inda taga take don ya mayar da ita gobe, a Wayland, sabon tsarin tagogi na Linux, ba zai yi komai ba, da gangan suka hana manhaja sanin inda tagarta take a allo balle ta zaɓa. Mutane sun yi ta ƙorafi a kai, ni ma ban ce ya min daɗi ba, amma kar ka ɓata dare kana neman laifi a wajenka.

Sai Alt+Tab. Mutum yana riƙe da W ya koma wata taga ya saki a can, sakin ba zai zo maka ba. GLFW yana ƙirƙiro maka saƙon sakin da kansa in taga ta rasa hankalin kibod, amma in kana da naka jadawalin maɓallan da aka danne gara ka share shi a lokacin, ka kuma sakar wa mutum maus ɗinsa.

Tunda abin naka edita ne ba gem ba, ka bar glfwPollEvents ka koma glfwWaitEvents, ita tana barci sai wani abu ya faru, fanka ta huta batir ya daɗe. In wani zare ya gama aiki yana so allo ya sabunta sai ya kira glfwPostEmptyEvent ya tashe ta, wannan ɗin an yarda a kira ta daga kowane zare.

Ka gyara ka sake turo min, akwai Mac a hannuna zan gwada maka. Ka gaida madam da yara.

Naka har kullum.