A Tsara Agajin Gaggawa Domin Murjanin Tekunmu

Malam Edita,

A watan Afrilun 2021, lokacin da matattun kifaye suka cika bakin teku a Osu, a nan Accra, hankalinmu ya tashi a Nima, har uwargidana ta daina sayen kifi, domin kafin gargaɗin hukuma ya iso wasu sun riga sun kwashe su.

Abin da ido ke gani ke nan. Amma a ƙarƙashin tekun yammacin Ghana, kusa da filin mai na Jubilee inda ake haƙar mai tun 2010, akwai tsaunin murjani a zurfin kimanin mita 400, inda kifaye ke fakewa. Idan mai ya malala, wa zai fara isa wurin? Ina roƙon hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa (NADMO), hukumar muhalli da sojojin ruwa su zauna da masunta, su raba aiki tun yanzu, su kuma riƙa yin atisaye tare.

Naka,
Mai karatu daga Nima, Accra