Zuwa ga 'yata, kafin ki fara karɓar dangwalen mutane

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kin sauka lafiya. Mamanki ta ce kin kira ina masallaci. Nan gida lafiya lau, sai zafi.

Ranar da za ki tafi gida cike yake da 'yan rakiya, shi ya sa na sa miki albarka kawai na yi shiru. Sai jiya ƙanwarki take ba ni labarin aikin. Wai gwajin sabon magani ne a kan yara, an yanka wa kowace tawaga adadin da za ta shigar kafin damina, kuma ke aka ɗora wa yi wa iyaye bayani tunda ke ce mai Hausa. Tun da na ji haka ban runtsa ba.

A 1996 kina goye. Sanƙarau ya shigo da bazara, ya kwashe dubban rayuka a Arewa. A cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya sauka a Asibitin Zana a nan Kano, ya ɗauki yara kusan 200, rabi aka ba su sabon magani Trovan, rabi aka ba su wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin waɗanda aka ba sanannen maganin. Wasu suka kurumce, wasu suka makance, wasu jiki ya shanye. Kamfanin ya ce ɓarnar cutar ce, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya taɓa furta musu cewa gwaji ne, ba kuma wanda ya ce musu ga likitocin agaji can a asibitin suna ba da sanannen magani kyauta. Sai a 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta tono maganar. Takardar izinin gwajin da aka nuna ma, ashe daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba, kuɗin farko kuwa bai kai hannun iyalai ba sai 2011.

Ba ni zan raba wannan gardama ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne baƙin nan ba su jin Hausa. Duk abin da uwa ta ji ko ba ta ji ba ranar nan, a bakin ɗan gida yake. Yau ke ce wannan bakin.

Kin san matan nan. Za ta shigo da yaro a kafaɗa, jikinsa kamar garwashi, kwana biyu ba ta yi barci ba. Ta ga farar riga a kan hijabi, ta ji harshen uwarta, shi ke nan ta saki jiki. "Likita, duk yadda kika ce." Ko takardar sayar da gonarta kika miƙa mata, za ta dangwala. Wannan dangwalen ba yarda ba ne, 'yata, kuma ke kin sani. Ki ce mata gwaji ne, da wannan kalmar, kada ki lulluɓe ta da "taimako" ko "magani kyauta". Ki gaya mata abin da ake tsoro game da maganin. Ki gaya mata in ta ce a'a, za a duba ɗanta kamar ɗan kowa, in kuma ta shiga yau tana iya fita gobe. Sannan ki sa ta maimaita miki da bakinta. Amincewar mai unguwa ba ta wadatar ba, kuɗin mota kuma kada ya zama ƙugiya.

Na san abin da za ki ce: zamani ya canja, akwai kwamitin ɗa'a, akwai dokoki. To, madalla. Ki nemi takardar izinin ki gani da idonki, ki duba kwanan watan. Kwamiti yana ofis, ba ya rumfar da kike zaune da azahar, saura mutum goma adadinku ya cika, shugaba yana ta kira a waya.

Kuma kada ki sake tuna mini 2003. Ƙwarai, na rufe ƙofa na hana a ɗiga wa ƙannenki maganin shan inna, har kika girma kika ce mini a gaban mamanki jahilci ne. Ni da na shekara talatin da alli a hannu! Laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba, kuma na ga abin da ya biyo baya: Kano ta dakatar da rigakafin har 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ku da kuka yi karatu kuna saurin raina tsoron mutane, ba ku tambayar inda suka samo shi.

Ban ce ki bar aikin ba. Allurar sanƙarau da aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, wadda ta sa bazara ta rage ba mu tsoro, ai sai da aka gwada ta a jikin 'ya'yan wasu. Ina alfahari da ke, ko da yake ban iya faɗa a gabanki ba. Amma ranar da aka matsa miki ki gajarta bayani don adadi ya cika, ki ajiye musu farar rigarsu ki hau mota. Ɗakinki yana nan, kuma ba zan tambaye ki albashi ba.

Mamanki ta ba direba yaji da kuka, ki karɓa a tasha ranar Asabar. Ki turo mini takardar yardar da za ki riƙa karanta musu, ta Hausar, ina so in karanta da kaina.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki